Turbar da Ta Bi ta Bayan Zaure

Rabi, jawo tabarmar nan kusa, kunnena ya yi nauyi kuma ba na son faɗin magana sau biyu. Ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini. Ni Asabe, yayar uwarki Dije, ban taɓa riƙe alƙalami ba, amma na riƙe hanya a ka, ita zan sauke miki yau. In kin ji na yi shiru ki ɗan jira, kuka ne, yana zuwa ya wuce kamar yayyafin marka. Wata bakwai ke nan da rasuwar Malam, har yanzu in na je aunar garin tuwo, na mutum biyu hannuna ke ɗebowa.

Sunansa ke kin sani, ki sa da hannunki. Bakina bai ɗauke shi yana raye ba, ba zai fara yanzu ba.

Malam hedima ne na leburorin hanya, ofishinsu na Funtuwa. A shekarun da aka shiga shimfiɗa hanyoyi cikin ƙauyuka saboda motocin auduga, aka zuba kwalta daga bakin ƙauyenmu har kasuwar Tsiga. Tsohuwar turbarmu ta mata, mai lanƙwashe-lanƙwashe kamar igiyar guga, motar gireda ta share ta. Aka bar mana gefen titi na gabas, aka ce nan za mu riƙa bi. Muka bi. Amma in an zo kwanar da ke daidai gidan surukaina, duk macen da ke ɗauke da kaya sai ta tsallaka titi, ta ɗan taka ta gefen yamma inda babu ko wurin sa ƙafa, sa'an nan ta sake tsallakowa. A wannan kwana motar auduga ta kaɗe uwarki, kina ƙarama, tana ɗauke da kwandon dawa. Ta rayu, amma ƙafafunta ba su ƙara ɗaukarta ba.

Maza suka ce mata ba su da hankali. Malam ya kafa allo, ya shafa wa duwatsu farar ƙasa, mata ba su daina ba. Sau ɗaya ya tambaye ni, na ce, "Haka muka ga ana yi." Na san dalili, Rabi. Duk macen ƙauyen ta sani. Babu wadda ta faɗa.

Sai aka ce bayan kaka za a gina lambatun siminti mai zurfi a gefen yamma, wato daidai inda mata ke raɓewa. Malam ya roƙi a buɗe wa masu ƙafa turba tasu daban. Babban injiniya ya ce baki ba ya tayar da gireda, takarda ke tayar da ita. Ana haka wasiƙa ta zo daga ƙasar Holan, ana neman mutum ɗaya ya je kwas na wata uku, a koya masa yadda ake tsara hanya don masu tafiya a ƙasa da masu keke. Injiniyoyi suka yi dariya, su karatun gada da manyan tituna suke so. Wani ya ce, "Karatun 'yan ƙafa? A ba Hedima." Malam ya yi makarantar midil, yana jin Turanci, sai ya miƙa hannu. Babban ya ce masa, "In ka dawo da zane mai hatimin malamansu, na ba ka gireda. In ka dawo hannu sake, siminti zai hau yadda aka tsara."

Allah bai bar mana ɗa ko ɗaya a raye ba, mu biyu ne a sashenmu kamar kurciya. Malam ya ce ba zai bar ni ina magana da bango ba. Wani dillalin takardun tafiya a Kano ya rantse masa cewa an tanadi ɗaki da abinci har da na iyali, ya ba shi wata takarda mai jan hatimi. Malam ya sayar da shanun huɗarsa, aka yi mini fasfo.

Ba zan ba ki labarin tashi ba. Na rufe ido a Kano, na buɗe a wata duniya wadda aka manta ba a kunna mata rana ba.

Zangonmu na farko ƙofar gidan kwanan ɗalibai ne. Wani mutum a bayan tebur ya karɓi takardar dillalin, ya juya ta gaba, ya juya ta baya, ya ɗaga ta wajen fitila. Ya yi magana a hankali. Na ga gumi ya tsattsafo wa Malam a goshi cikin wannan sanyi.

"Me ya ce?"

"Ya ce takardar tana da kyau."

"Malam."

"Ya ce bai taɓa ganin irinta ba. Ɗakin na namiji ɗaya ne, ba a shiga da mace."

Muka fito muka zauna kan akwatinmu a bakin wani ruwa da ya ratsa tsakiyar gari, shiru, ba ya gudu, ba ya tsaye. Ana wani yayyafi siriri kamar ana tankaɗe gari daga sama. Gidaje dogaye sun jeru a bakin ruwan, wasu gidajen kuma sun jeru a cikinsa, kai a ƙasa. Na daɗe ina kallo, har na rasa waɗanne ne na gaske. Na ce a raina, shanunmu biyu ga inda suka kawo mu. Wata mai sharar gidan ce ta hango mu ta taga. Ta fito da tsintsiyarta a hannu, ta kama bakin mayafina kamar akuya ta ja mu lungu uku, ta ƙwanƙwasa wata ƙofa, ta yi magana da wata tsohuwa, ta juya ta tafi. Ban ƙara ganinta ba. Kullum tana cikin addu'ata, ba suna.

Zango na biyu ɗakin tsohuwar nan ne, can ƙarshen bene, ƙarƙashin rufi. Matakalarsa kamar tsanin rumbu. Malam ya haƙura da abincin makaranta, ya biya haya da kuɗinsa don mu samu wurin, muka koma shayi da burodi da dankali. Tagar ɗakin a rufi take, sama kawai take nunawa. Malam ya fita da safe, ni in zauna da mazarina da 'yar audugar da na ƙullo, ina kaɗi ina kallon gizagizai suna wucewa kamar garken Fulani mai tafiya kudu. Wani lokaci in ga kamar ɗakin ne ke tafiya, su suna tsaye. In na gyangyaɗa sai in tsinci kaina a tsohuwar turbarmu, raɓa na jiƙa mini ƙafa, Dije na gaba da kwandonta tana tafiya da ƙafafunta biyu. In farka, zare ya tsinke.

Abin da ya fi cin raina shi ne ba a gaisuwa. Mutum ya wuce ki kamar ya wuce turmi. Na yi kwana da kwanaki ban ji an ce mini "ina gajiya" ba sai daga bakin Malam.

Tsohuwar mai gidan mijinta ya rasu. Kullum la'asar sai ta ajiye kofi biyu a tebur, ta zuba ɗaya, ɗayan ta bar shi wayam. Na ce wa Malam, "Tsohuwar nan ta fara ruɗewa." Allah ya yafe mini, yanzu na san ba ruɗewa ba ce. Wata rana ta gan ni ina saukowa ina rawar sanyi, ta zaunar da ni, ta sa mini safar mijinta mai kauri da hannunta, ta tura mini kofin nan na biyu ta cika shi. Muka sha, ba ta jin nawa, ba na jin nata. Ta yi hawaye, na taya ta, a lokacin ban san na me ba.

Zango na uku shi ne ranar da na fita ni kaɗai sayen gishiri. Na tsaya bakin babban titi na duba. Ga kwalta baƙa a tsakiya, motoci na bi. A gefenta ga wata siririyar hanya ja, sumul, launinta sak jan burjin garinmu. Can gefe kuma ga daɓe mai kyau a ƙofar gidajen mutane. Na ce to, baƙa ta mota, daɓen na masu gida, ba a taka wa mutum ƙofar gida ba sallama, ja kuwa ko a ina ta talaka ce. Raina ya yi fari. Na hau jar hanyar nan ina tafiya a tsakiyarta kamar na nufi Tsiga, har ina jin ƙanshin ƙasa a hancina. Ƙararrawa na ta kaɗawa a bayana, ƙilin-ƙilin, na ce ikon Allah, ko a nan akwai masu tallar alewa.

Ashe ta kekuna ce. Wani ya kauce, wani ya kauce, na uku ya kwashe ni. Na faɗi, gwiwata ta fashe, na ce, "Wayyo Allah, na shiga uku!"

Sai na ji daga sama an ce, "La ilaha illallahu! Wace ce ke shiga uku da Hausa a garin nan?"

Wata mace ce gajera mai kumatu, cikin rigar sanyi har gwiwa, ta jefar da kekenta ta tsuguna kaina. Sikira sunanta, Bayarabiya, mijinta na karatun aikin ruwa a can.

"Yaya, daga ina?"

"Daga wajen Tsiga."

"Tsiga! Shi ya sa. Mu 'yan Funtuwa mun san keke. A bayan tasha aka binne cibiyata, uwata ce mai sayar da kwanoni kusa da 'yan gishiri, in kin taɓa yi wa wata kayan ɗaki to mun cuce ki."

"Kun cuce ni kuwa, langar ta yi tsatsa kafin shekara."

Ta yi dariya har da riƙe ciki, tana ɗaure mini gwiwa da ɗankwalinta. Mai keken ya tsaya yana ta ba da haƙuri, fuska ja wur. Ni kuwa kuka nake, ba don ciwo ba. Na riƙe hannunta na ce, "Ki gaishe ni. Don Allah ki gaishe ni tun daga farko." Ta gyara tsuguno a gefen titin Turawa ta ce, "Ina kwana, Yaya? Ina gajiya? Yaya mutan gida? Yaya baƙunta? Yaya sanyi?" Ina amsawa ɗaya bayan ɗaya kamar mai shan ruwa bayan azumi.

Daga ranar ta zama tawa. Ita ta koya mini cewa daɓen nan shi ne na masu ƙafa, kowa da nasa layi, har makaho an yi masa abin da sandarsa za ta ji. Ta kai ni inda ake sayar da kuɓewa da barkono. Muka riƙa yawo bakin ruwa da rana, tana lissafo mini unguwannin Funtuwa tana tambaya ko wane yana nan, ko bishiyar kaza an sare. Ta fi ni kewa, ita da ake ce wa baƙuwa a can, ake ce wa baƙuwa a nan.

Mai koyar da su Malam wani dogon tsoho ne mai siririn wuya, a keke yake zuwa. Ni da Malam muka sa masa Zalɓe. Malam ya ce bai cika zaunar da su a aji ba. Sai ya kai su mararraba ya ce su wuni suna kallon ƙafafun mutane. Wata rana ya sa su tura keken jarirai cike da bulo, wata rana ya ɗaure musu ido su tsallaka titi. Malam ya dawo yana tari yana dariya, ya ce, "Asabe, shekara ashirin ina gina hanya, ashe ban taɓa bin ta ba, hawa kawai nake yi." A ƙarshe aka ce kowa ya zana wata hanya ta garinsu mai cin mutane, ya nuna maganinta. Wanda zanensa ya gamsar, shi za a buga wa hatimi.

Malam ya yi kwana goma yana zane. Ya faɗaɗa gefen gabas, ya sa masa shinge, ya sa alluna. Ranar da ya kai, ya dawo da wuri, ya zauna bakin gado bai cire takalmi ba. Ya warware takardar. Zalɓe ya zagaye kwanar nan da jan alƙalami.

"Ya tambaye ni me ya sa suke tsallakawa. Na ce jahilci. Ya ce jahila ba ta tsallaka titi sau biyu da kaya a ka, a wuri ɗaya, kullum. Ya ce in na sa shinge za su haura shingen, ko su zagaya inda ya fi muni. In ban san dalili ba, ba shi da hatimin da zai ba ni." Ya dube ni. "Saura mako biyu. Wa zan tambaya a nan?"

Na ce, "Bari in ɗora shayi."

Washegari na kai wa Sikira zancen. Ban gama ba ta tare ni. "Tsaya. Gidan wa ke kwanar?"

"Gidan surukaina. Wansa, Alhaji Babba, shi ke da zauren."

"Dattawa na zama a ƙofar?"

Ta tafa hannu. "Yo ai ko ni da nake talla da faranti na san wannan! Yaya, ki faɗa masa."

"Da wane baki?"

"Da bakin da kike cin tuwonsa."

"Sikira, asirin matan gari guda ne. In ya fita, a ce matar Hedima ta ce gaida surukai wahala ne. Ina zan sa kaina?"

"Nan ba Tsiga ba ce, bangon nan ba ya jin Hausa. Ko kina jira a kaɗe wata Dijen?"

Maganar ta soke ni. Kwana biyu ina juya ta. Ran Lahadi da hantsi, rana ta ɗan leƙo ta tagar rufi, ta shimfiɗa haske a ƙasa kamar faifai. Malam na zaune ya zuba wa zanensa ido. Na ce ya ara mini bel ɗin wandonsa. Na miƙe shi a daɓe, na lanƙwasa shi a tsakiya, na ce, "Ga kwaltarka." Na ajiye akwatin ashana a gefen gabas, na ce, "Ga zauren Yaya Alhaji." Na jera ƙwayoyin wake a gabansa, ya gane su. Sa'an nan na warware farin zaren da na kaɗa, na shimfiɗa tsohuwar turbarmu tun daga rijiya, ina sa busasshiyar kuɓewa duk inda bishiya take: tsamiyar da ake gyara goyo, ɗorawar da ake jiran na baya, kanyar nan mai reshe biyu da muke yi wa loko, wato inda mace ke jingina kayanta a cokalin reshe ta huta ba tare da ta sauke ƙasa ba. Zaren ya zo kusa da akwatin ashana, ya lanƙwasa ya bi ta bayansa.

Na ɗauki mazari na tsayar da shi a gefen bel. Ban dubi Malam ba, mazarin nake kallo.

"Wannan mace ce. Kwandon dawa ne a kanta, mutum biyu suka ɗora mata. Ta zo gaban dattawa. Ba ta wucewa a tsaye, ka sani. Sai ta sauke kaya, ta tuɓe takalmi, ta durƙusa, ta gaida kowa da sunan girmansa. To ta gama. Wa zai ɗora mata? Ta ce wa surukinta taso ka kama mini? Sai ta zauna gefe kamar marainiya har wata ta zo, kasuwa na ci. In ta wuce ba ta durƙusa ba, kafin azahar an kai wa mijinta. Amma in titi na tsakaninta da su, ta sunkuyar da kai, an ɗauka ba ta gan su ba, su ma ba su gan ta ba. Iyayenmu da suka taka tsohuwar turba ba karkatar banza suka yi ba."

Na tsallakar da mazarin bel, na dawo da shi.

"Har da ni?" in ji Malam. "In ina zaune a cikinsu?"

"Har da kai."

"Tun yaushe?"

"Tun ina amarya ta baya nake bi. Da ka share bayan, na koma tsallakawa."

Ya fara dariya, wata irin dariya marar sauti, kafaɗunsa na rawa. Sai na ga ba dariya ba ce. Ya ce, "Asabe, ni na zaɓi gefen gabas. Mai gireda ya tambaye ni wane gefe za a bar musu, na ce na ƙofar gida, su riƙa wucewa a kan idonmu, kada wani abu ya same su." Ya ɗauki ƙwayar wake ɗaya ya riƙe a tafinsa. "A kan idonmu aka kaɗe Dije. Ina zaune."

Ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da muka binne na farinmu. Na kama ƙafarsa na ce, "Ba ka sani ba, mu muka ɓoye." Muka zauna a ƙasa, ƙauyenmu shimfiɗe tsakaninmu, har hasken ya janye.

Ya ce kada in taɓa komai. Kwana uku muna tsallake Tsiga in za mu hau gado. Ya sake zane, yana tambayata, ina faɗa, kamar yadda nake miki yanzu: nan rana ke dukan fuska da safe, nan ƙaya take, nan jakuna ke gamuwa da mata. A rana ta huɗu sai ga Zalɓe da kansa, ya ce Malam ya ba shi labari, yana son ganin abin da na shimfiɗa a ƙasan. Ya hawo tsanin nan a duƙe, kansa ya bugi rufi. Sikira na bayansa ta daka masa tsawa da yarensa, ya koma ya tuɓe takalma, safarsa da huji a babban yatsa. Ya tsuguna, gwiwoyinsa har kunne. Na ja mayafi, yana tambaya, Sikira na juya mini da Hausa. Ya tambayi tazarar da mace ke yi kafin wuyanta ya gaji, na nuna masa daga kuɓewa zuwa kuɓewa. Can ya ce, me zai hana a roƙi dattawan su sake wurin zama?

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗauke hanya ya fi sauƙi."

Zalɓe ya yi dariya har ya zauna daɓas. Sikira ta ce mini, "Wai ya ce abin da yake ta koya musu ke nan wata uku." Kafin ya sauka Malam ya roƙe shi abu ɗaya, kada a rubuta dalilin a takardar da za a kai gida. Tsohon ya dube ni, ya gyaɗa kai. Ya ɗauki guntun zarena ya sa a aljihu, ya ɗan rusuna mini. Namiji, da furfurarsa.

Aka buga hatimi. Ranar tafiya tsohuwar mai gida ta hana ni mayar da safar. Sikira ta raka mu tashar jirgin ƙasa tana zagina don kada ta yi kuka. "Ki gaida mini Funtuwa, 'yar ƙauye. In kin ga jar hanya ki tambaya tukuna." Mun yi wasiƙa biyu, Malam na rubutawa, daga nan shiru. Ko tana raye, Allah masani.

Da muka dawo an fara jibge yashin lambatu. Babban injiniya ya ga hatimi, ya ba da gireda kwana huɗu. Saura gonar bayan gida, ta Alhaji Babba ce, sai an yanki bakinta. Ina daga cikin gida ina jin su a zaure.

"Me ya sa sai ta baya?"

"Saboda ruwa, Yaya. Ruwa ke kwanciya a gaba."

"Ruwa? A kan tudu?"

"Turawa sun auna."

Alhaji ya yi gyaran murya. Can ya ce, "To, tunda sun auna." Har yau ina zargin tsohon nan ya gane, ya rufa mana shi ma.

Aka buɗe turba ta bayan zaure, aka zuba mata jan burji. Duk inda na sa kuɓewa kuma babu bishiya, Malam ya dasa bedi, ya riƙa kai musu ruwa a kekensa. Kanyar loko tana nan, gireda ta farko ba ta kai gare ta ba. Ba a yi shela ba, ba a kafa allo ba. Ranar kasuwa ta farko mata suka bi ta kamar jiya suka bar ta, kuma tun daga nan ban ji an kaɗe mace a kwanar ba. Da yamma Malam ya je ya ɗauko uwarki ya ɗora ta a bayan keke, yana turawa a ƙasa, ina riƙe da ita, muka kai ta har gindin kanya. Ta shafa reshen ta ce, "Ashe kina nan."

Malam bai taɓa tona mana asiri ba, Rabi, ko da wasa. Yanzu dattawan zauren duk sun tafi, shi ya sa na yarda ki rubuta. In wata rana masu gyaran hanya sun zo sun ga turba ta karkace sun ce za su miƙar, ki karanta musu.

Tarin da ya ɗauko a can bai rabu da shi ba, shi ya yi ajalinsa. Ana jibi zai cika ya kira 'ya'yan wansa ya ce in an ɗauke shi zuwa maƙabarta kada a bi titi, a bi ta turbar mata. Suka ce ta fi nisa. Ya ce ya sani, shi ya auna.

Da hantsi aka fita da shi. Mace ba ta rakiya, ina ɗaki, mata sun cika ni. Na rufe ido. Ban buƙaci kowa ya gaya mini inda suke ba. Na ji sun wuce rijiya. Na ji raɓa a ƙafafunsu. Ga tsamiya, an canza kafaɗa. Ga ɗorawa, sun ɗan rage sauri na baya su iso. Ga bedinsa na farko, ga na biyu, inuwa na sauka a kan likkafani tana tashi. Na bi su taki ɗaya-ɗaya, har na ji makara ta lanƙwasa ta shiga bayan zaure, wurin nan da ya yanka mana don kada mace ta ƙara sauke kayanta ta durƙusa wa kowa.

A nan na zame daga kan gado, na tuɓe takalmina, na durƙusa masa. Matan suka yi ta kama ni suna cewa in tashi. Ban tashi ba sai da ya wuce.